Kukar Gidanmu Ba Ta Ganin Rana

Jiya a hanyar Mamudo na ga an baza ganyen kuka a gefen kwalta, rana na dukansa, manyan motoci na busa masa hayaƙi. Sai da na yi tsaki. Mai karatu, in haka ake yi a gidanku ka yi haƙuri, amma wannan ba kuka ba ce, dusa ce.

A gidanmu kuka ba ta ganin rana. Dokar Iya ce, mahaifiyar babanmu. Da zarar ruwa ya ɗauke aka fara yankan gero, sai ta nufi gonar gado a Mamudo, inda akwai wata bishiyar kuka da ganyenta ba ya ɗaci. Lokacin ɗan kaɗan ne. In aka yi gaggawa danshi ya sa ganyen ya yi fumfuna, in aka yi jinkiri ya yi rawaya ya zube. Takan dawo da buhuna, ta fitar da gadonta rumfa, ta shimfiɗa tabarmi a ɗakinta ta baza ganyen, ta rufe ƙofa ta bar taga a buɗe. A inuwa yake bushewa da korensa. Alfaharin Iya a duniya guda ne: tun da aka kawo ta gidan, ba a taɓa sayo kuka a kasuwa ba.

Shekarar da na shiga aji huɗu, daidai wannan lokaci, Iya ta zame a bakin rijiya ƙugunta ya goce. Mai ɗori ya ce ko motsi kada ta yi. Babu mai tsinko ganye, ɗakin shanya kuma ga mai shi kwance a ciki. Baba ya ce abin ai ba wuya, kasuwar Potiskum cike take da kuka. Iya ta juya fuska bango, ranar ko kunu ba ta sha ba.

Umma 'yar 'yan kasuwa ce, a tsakiyar gari ta tashi, har Iya kan ce ko gero da dawa ba ta bambantawa a gona. Ita ce washegari ta nemi izinin Baba, ta riƙe hannuna muka hau motar Mamudo da buhu da ƙugiya. Mun wuni tana janyo rassa ina tsinka, tururuwa na cizonmu, hannuwanta da suka saba da lalle duk suka kukkuje. Ban ji ta ce wash ba.

Da muka dawo ta fara kwashe ɗakinta. Gado, akwatuna, har kwanukan jerenta da ba ta bari ko mu taɓa, duk suka koma rumfa. Baba ya tsaya yana kallo.

"Yanzu saboda miya za ki koma kwanan waje?"

"Ai Iya ta yi shekara da shekaru tana yi, Malam, ba ka taɓa tambayarta ba."

Ƙarshe shi ya kama mata gadon.

Ƙamshin ɗanyen ganye ba ya ɓoyuwa. Iya ta kira ni ta tambayi inda aka baza shi. Da na faɗa mata sai ta ce in gaya wa uwata ta riƙa juyawa safe da yamma, kada ta daka sai ta ji sandan ganyen na karyewa. Ranar ta sha kununta.

Da ya bushe Umma ta daka ta tankaɗe, garin ya fito kore shar. Ta yi tuwon gero, ta kaɗa miya, ta durƙusa ta ajiye gaban Iya. Iya ta daɗe tana duban miyar kafin ta sa hannu. Ta ci ta cinye, ta suɗe yatsu, sannan ta ce, "Gishiri ya yi yawa."

Haushi ya kama ni, na bi Umma madafa zan yi mita, sai na iske ta tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Ke kin ji ta ambaci kukar?"

Yau gidaje sun kusa cinye gonar, amma bishiyar na nan. Gidan haya nake zaune, ɗaki biyu, kuma duk kaka yarana sun san za su koma falo, ganye ya karɓi ɗakinsu. Suna ƙorafi, suna nuna mini kukar leda a shago, ni kuwa ko kallonta ba na yi. Umma ta tsufa, yanzu ni ke aika mata nata kason. Bara da saƙon ya isa ta bugo waya, ko gaisuwa ba mu gama ba ta fara faɗa wai wane irin ƙulli na yi wa ledar, sai da ta sa wuƙa. Na ce za a gyara, Umma. Ban tambaye ta kukar ba, na riga na ji amsa.