Mahaucin da Za a Ɗebi Ɓargonsa

A kan bencin ƙofar ɗakin gwaji na asibiti, wani dattijo yana zaune cikin riguna uku da tsakar rana, haƙoransa suna kaɗawa. Hannayensa duk tabon wuƙa ne, shi ya sa na ce a raina mahauci ne. Matarsa tana gaya wa na kusa da ita cewa wata uku ke nan zazzaɓi ya ƙi sakinsa. An auna jini, an auna fitsari, ba a ga komai ba. Yau za a soka allura a ƙashin ƙugunsa a ɗebo ɓargo, ko a gano abin da ya ɓuya a ciki.

Likita ta leƙo, dattijon ya hango allurar a kan tire, ya girgiza kai.

"'Yata, da wannan tsinken za ki ciro ɓargo? Shekara arba'in ina fasa ƙashi. Sai da gatari."

"Baba, ɗan kaɗan muke so."

Matarsa ba ta yi dariya ba. Shi kuwa ya miƙe yana karkarwa, ya mammatsa ƙugunsa hagu da dama kamar mai taya saniya.

"Ɗebi na dama," in ji shi. "Ya fi maiƙo."