Balkissa, mai liƙa wa ƙwaƙwalwar na'ura suna

Ƙarfe bakwai da rabi Balkissa Zubairu take tsallako gada daga Harobanda a kan ƙaramin babur ɗinta. Takan tsaya Petit Marché ta sayi lemun tsamin shayi, ta iso ofishinmu a Plateau kafin kowa, ta kunna kwamfuta. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana haka, teburina kuma yana kusa da nata, shi ya sa nake da abin faɗa.

Aikinmu haɗa manhajar taswira ne, wadda ke nuna unguwannin Yamai da inda ruwan kogi zai iya kaiwa idan ya cika. Duk hoton da zai fito a allo, sai manhajar ta karɓi wuri a ƙwaƙwalwar katin zane na kwamfutar ta ajiye shi, in ta gama da shi ta saki wurin. Wuraren nan dubbai ne, na'ura kuma lamba kawai take ba su. Balkissa ce ta ƙi yarda a bar su haka. Kowane wuri aka karɓa sai ta liƙa masa bayani: hoton wace unguwa ne, wane sashe ya nema, wa ya rubuta sashen, yaushe ya kamata a sake shi.

Mun sha yi mata dariya. Shugabanmu Bashir, ɗan Maradi mai son sauri, ya taɓa gaya mata cewa ɓata lokaci ne, tunda babu mai amfani da taswirar da zai ga rubutun. Ta yi murmushi ta ce ba don su take yi ba, don ranar da mu kanmu za mu ruɗe ne.

Ranar ta zo da damina, kogi ya cika yana barazana. Ma'aikatan agaji sun taru da safe suna duba taswirarmu don su san gidajen da za a fara kwashewa. Minti ashirin da kunnawa, allon ya yi baƙi. Aka sake kunnawa, ya sake mutuwa. Hawa, jagorar ma'aikatan, ta kira Bashir ta ce motoci suna tsaye, direbobi ba su san inda za su nufa ba.

Mun gane ƙwaƙwalwar katin ce take cika, amma ba mu san abin da ke cinye ta ba. Balkissa ta ajiye kofinta ta buɗo jerin wuraren. Sama da dubu huɗu bayaninsu ɗaya ne: hoton ambaliyar ruwa, Harobanda, sashen Bashir. Ashe duk lokacin da sabon ma'aunin kogi ya shigo, sashen yakan zana sabon hoto ba tare da ya saki tsohon ba.

Bashir ya leƙo ya karanta, ya dafe kai. "Sunana ne a jiki?"

"Naka ne, Malam. Ko nawa ne, haka zai fito. Zo mu gyara."

Layi biyu suka canza. Kafin azahar taswirar ta tsaya daram. Hawa ta gaya mini daga baya cewa iyali arba'in da ɗaya suka fitar kafin ruwa ya shiga unguwar da yamma, har da wata tsohuwa da ba ta iya tafiya. Washegari Bashir ya shigo da kilishi ya raba wa kowa, yana ba da labarin kuskurensa da bakinsa yana dariya. Yau shi ne ke mayar wa mutum aikinsa idan ya ga wuri ba suna.

Balkissa, ke ce mai haƙurin da mu ba mu da shi. Ke ce kika nuna wa shugabanki kuskurensa ba tare da kin kunyata shi ba. Iyalan nan ba su san ki ba, wataƙila ma kun sha haɗuwa a kan gada, amma mu mun san abin da kika yi.

Ƙarshen watan nan za ta bar mu ta koma koyarwa a Tahoua, garinsu. Muna murna, domin ɗalibai sittin za su samu abin da mu shida muka samu. Mun gode, Balkissa, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma abokan sana'a, ku ɗauki halinta tun yau. Wanda zai gaji aikinku ba zai same ku ya tambaye ku ba, abin da kuka rubuta kawai zai tarar.