Mun Ɗauki Tuta, Mun Bar Mai Tuta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Asabar, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Baba Tela, mai ɗinkin tutar ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, bayan gajeriyar rashin lafiya da ba ta hana shi zama a kan keken ɗinki ba. An yi jana'izarsa bayan la'asar a wannan rana. Ni da nake wannan rubutu ban je ba, alhali ina cikin gari kuma lafiyata ƙalau. Haka sauran magoya bayan ƙungiyar, mu da muka taso a gabansa. Gara in faɗi wannan tun farko, kafin in shiga yabo, don kada a lissafa ni cikin mutanen kirki.

Baba, bari in yi maka magana kamar kana zaune a shagonka, tef a wuya, tabarau a kan hanci, kana taka keke kana caccakar alƙalin wasan makon jiya. Shagon ɗaki ɗaya ne, benci biyu, da rediyo mai ɗaurin roba a kan taga. Mai kawo ɗinki yakan rasa wurin zama saboda mu, masu gardamar ƙwallo da ba ma kawo ko maɓalli. Wanda ya zo da yadi ranar Litinin bayan an ci mu kuwa, sai dai ya yi haƙuri, domin kai da bakinka kake gaya masa cewa yau almakashinka ba ya yanka daidai, ya dawo Laraba.

Na taɓa tambayarka, ina saurayi mai ji da kai, me ya sa muke kashe kanmu kan ƙungiyar da ba ta ma san da zamanmu ba. Ba ka ɗago kai daga ɗinki ba, ka ce: "'Yan wasa baƙi ne, yaro, baƙo kuwa raɓa ne. Koci ya zo ya tafi, mai kuɗi ya saya ya sayar. Mu fa, wa ka taɓa ji ya sayar da mu? Mu ne 'yan gida." Shekarar da sabon mai ƙungiya ya so ya sauya launin rigarmu daga kore zuwa ja, ya aiko maka da yadi tuli don ka ɗinka sabuwar tuta. Ka mayar masa da kayansa, ka ce a gaya masa kekenka bai iya ja ba. Da wasa ya zagayo, kowa ya shiga fili cikin kore, kuma ba a sake ta da maganar ba.

Wanda bai san tutarmu ba zai ɗauka tsohon tsumma ce da faci ya cinye. Mu mun san kowane faci. Duk ranar da wani mai goyon baya ya rasu, kai ne kake rufe shago ka je a binne shi da kai. Bayan an kwana biyu sai ka koma ka roƙi iyalansa ƙyalle kaɗan daga rigar da yake zuwa fili da ita, ka ɗinke a jikin tuta. Da mahaifina ya rasu, kai ka riƙe ni a maƙabarta. Ranar da na koma kallon wasa, ka kama yatsana ka ɗora kan wani ɗan faci a kusurwar hagu, ka ce, "Ga babanka nan, ya riga ka shigowa." Tun daga ranar ni ne mai riƙe maka sandar hagu. Kuma dukkanmu mun sa a ranmu cewa in 'yan wasa suka fito fili ba su tarar da tutar nan a buɗe ba, to an ci mu an gama.

Asabar ɗin da ka rasu ita ce ranar wasan ƙarshe na kaka. In aka ci mu, za a sauke mu zuwa rukunin ƙasa. Da labari ya iso, muka ɗunguma zuwa gidanka, wasunmu ma da korayen riguna a jiki. Babban ɗanka ya tarye mu a ƙofa da jajayen idanu, yana ta godiya, ya ɗauka mun zo ɗaukar gawa ne. Ya ce sai bayan la'asar za a yi sallah, saboda ana jiran ƙanenka da ke hanya. Muka dubi juna, domin daidai lokacin za a busa usur. Can sai shugabanmu na magoya baya ya yi gyaran murya ya ce, "Wallahi da Baba zai iya magana, cewa zai yi ku tafi fili." Babu wanda ya musa. Maganar ta yi mana daɗi, muka rungume ta hannu biyu, domin abin da muke nema ke nan.

Ni aka tura in karɓo tutar. Ɗanka ya dube ni kamar bai ji da kyau ba, sannan ya kauce ya ba ni hanya. Tana ninke a kan kujera a ɗakin da kake kwance, an lulluɓe ka da farin zane. Na yi maka addu'a a gurguje, irin ta mai jin tsoron kada mota ta tashi ta bar shi. Na sunkuci tuta na fita. Sai da muka ware ta a fili na ga allura tana reto a jikin zare, inda ka fara gyaran wata ɓaraka ba ka ƙarasa ba. Na zare allurar na soke a aljihuna, na ɗaga sanda.

Mun ci wasan da ƙwallo ɗaya, ana gab da tashi. Ba zan ɓoye ba, na yi tsalle, na yi ihu har muryata ta dushe, na rungumi mutanen da ban taɓa gani ba. Daga baya na ji yadda aka kai ka. Maƙwabta ne da 'yan'uwa da wasu teloli, sai mai askin da ke kallon shagonka, mai goyon bayan ƙungiyar da muka buga da ita a ranar, wanda kuka shekara da shekaru kuna tsiya da juna. Ya rufe shago ya bar nasa wasan, kuma shi ya kama gaban makara. Da muka haɗu a titi, hannu kawai ya ba ni ya wuce. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Washegari muka tattara sauran kunyar da ta rage mana muka je gaisuwa. Muka zauna a tsakar gida, kowa kansa a ƙasa, shugaba yana ta wasa da hularsa. Mama, matarka, ta amsa mana daga bayan labule, ta sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya da sunayen da kake kiranmu da su. Muna jiran faɗa, mun ma shirya haƙurin da za mu bayar. Sai ta ce, "'Ya'yana, an ci kuwa? Kullum shi nake tambaya in ya dawo. Jiya na rasa wanda zan tambaya."

Da ƙyar na ce, "An ci, Mama."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Da ya ji daɗi."

Ban san yadda muka fito daga gidan ba. Da na sani ƙeya ce, kuma mun san yafewarka ba za mu ƙara jin ta da kunnenmu ba. Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya saka maka da Aljanna kan kowace gawa da ka raka. Ga Mama da 'ya'yanka da ƙanenka, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana, Ya tsaya muku a inda muka kasa tsayawa. Mu kuma Allah Ya yafe mana, kuma in tamu ta zo, kada Ya kama mu da abin da muka yi, Ya ba mu masu raka mu. Amin.