Kambai, Injiniyan Yini Guda

Shekara tara Kambai, mutumin Zonkwa, yana naɗa wayar fanka a wani katafaren kamfanin kayan lantarki a Dagenham ta ƙasar Ingila, ba a taɓa ƙara masa girma ba. A 1975 kuɗin fetur ya kawo manyan Najeriya kamfanin sayen firji. Manaja ya sa masa farar riga, ya gaya wa baƙin cewa shi ne babban injiniya.

Washegari aka ce ya koma bencinsa. Zuciya ta ɗebe shi, ya faɗa ofishin manaja ba sallama.

"Ashe da baƙar fatata kuka yi talla jiya, ba da aikina ba!"

A makon ya ajiye aikin. Ya dawo gida ya buɗe shagon gyara a Kaduna, kuma har ya tsufa in an ambaci kamfanin sai ya yi tsaki.