Intabiyu a Shagon Kitso

Shagon Yaya ɗaki ɗaya ne a bakin titi: madubi mai tsagewa a gefe, benci, kujera 'yar tsugunne, da fanka mai kuka kamar tsohuwar tunkiya. Yaya dai da ƙyar ta gama firamare, hannunta ya fi kanta saurin ɗauka, sai ta kama kitso. Ƙanwarta Auta kuwa a ƙarƙashin bencin nan ta yi rarrafe, a kansa ta koyi karatu, littafinta kullum da tabon man gashi.

Auta karatun haɗa magunguna take so. Duk abin da makarantar ta nema ta kawo: kemistiri, bayoloji, fiziks, lissafi, Turanci, ba wanda ta faɗi. Saura abu ɗaya, intabiyu. A zaunar da kai gaban malamai su yi ta tambaya. To Auta idan baƙo ya kalle ta, harshenta mutuwa yake. Karon farko ta shiga ta fito ko sunanta ba a ji ba. Makarantar kuma sau biyu take ba mutum dama. Idan ta sake yin gum, shi ke nan.

Yaya ta ce ai malamai ba su fi matan shagonta baki ba. Ta jera su a benci, ta dasa Auta a gabansu.

Matar direba ta gyara zama, rabin kanta a tsefe. "Ke yarinya, me ya sa kike son aikin magani?"

Auta ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafafunta.

"Ikon Allah! Yaya, wannan ko batir ɗinta ne ya mutu?"

Gwaggo mai goge-goge a asibiti ta ce, "Ku bar ta, ni na ga likitan da bai fi ta magana ba."

Aka yi dariya, Auta ta shige bayan labule tana hawaye. 

Wata rana aiki ya yi yawa, Yaya ta ce Auta ta kama mata kan Gwaggo. Tana cikin kitso Gwaggo ta ce, "Ni kam me ya sa ake cewa a shanye magani ko an ji sauƙi?" Sai ga murya daga bayan ƙeya, tar-tar, tana bayanin yadda sauran ƙwayoyin cuta ke farfaɗowa su ƙi jin magani. Yaya ta tsaya da mataji a hannu. Ashe yarinyar nan idan yatsunta na aiki, kuma ba ido a kanta, bakinta buɗewa yake!

Daga nan aka canza salo. Tambaya sai tana kitso. Bayan kwana biyu Yaya ta ce ta riƙa kallon mai tambaya ta madubi. Da ta saba, aka juyo da kujerar, ido cikin ido, aka ba ta zaren ulu tana kitsawa a kan cinya. Tambayoyin matan nan ba a magana, daga ciwon baya sai minsharin maigida. Matar direba har gilashin mijinta ta aro don ta yi kama da farfesa. Kai, an sha dariya a ɗakin nan, fanka na kuka, titi na hayaniya, babu mai saurin tafiya gida.

Ranar intabiyu Yaya ta cusa mata zaren a hannu. "Ki ɓoye ƙarƙashin tebur. Su ma kawuna ne, Auta, sai dai babu gashi sosai."

Yaya ta koma shago, amma tsaga uku ta yi a karkace. Da la'asar Auta ta shigo, zaren ya zama igiya har gwiwa.

"Kin yi magana?"

"Yaya, babban cikinsu cewa ya yi in dakata haka, akwai mutane a layi."

Matar direba ta miƙe tsaye. "Auta aka ce wa ta yi shiru? Yau na ga abu!"

Da sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito, nata na ciki. Yaya ta fita titi babu takalmi tana gaya wa duk wanda ta gani, har mai gyaran babur da ba sa ga-maciji. Mai rabin kitso na ta kiranta daga shago, ita kuwa ta riga ta sha kwana.