Ranar da Morufat Ta Yanke Layin Ikko

Morufat ta rasu bara a Rijiyar Lemo. Mutane sun san ta da shagon madara da sukari a Kasuwar Singa, sun kuma san ta da wata ɗabi'a: ba ta zubar da komai, ko kwalin da ya huje, sai ta tambayi na wane ne. Jikokinta dariya suke yi mata. Ni na san inda ta samo ɗabi'ar, domin ina cikin ɗakin ranar da abin ya faru.

Haifaffiyar Fagge ce. Babanta, Baba Tajudeen, Bayarabe ne mai gyaran keken ɗinki, shi ya tsaya ta yi makaranta har ta koyi tafireta. Tana da saurin hannu, ba ta da yawan magana. Wajen shekarar saba'in da bakwai muka haɗu a wani kamfanin shigo da kaya a Sabon Gari. Lokacin arzikin mai ne, jirage sun cushe a tashar Ikko, kusan kowane Alhaji a Singa yana da kaya a kan ruwa. Ni ce mai haɗa waya. Ita aka ɗora a kan injin.

Injin kamar tafireta yake, mai doguwar takarda. Kwamfutar kanta tana hedikwata a Ikko, babu wanda ya taɓa ganinta a cikinmu. Ni zan nemo layi, in kifa kan wayar a wata roba mai rami biyu, sai abin da aka buga a Kano ya isa can, amsa ta fito a takarda. A can ake ajiye fayil-fayil na kayan kowa: wane jirgi, wane sito, wace mota. Kano da ɓangarenta, hedikwata da nata.

Samun layin ne azaba. Sai in wuni ina roƙon 'yan gidan waya. Shi ya sa manajanmu, Malam Kyari, ya kafa doka: in an samu layi, ba a ajiye shi. Wanda ya yanke, ya ɗauki jakarsa. Don haka duk mai tashi sai ya bar injin a buɗe, na bayansa ya zauna.

Ran nan Abdulgani, akawun sito, shi ya fara. Shi kaɗai ke da izinin shiga ɓangaren hedikwata, kuma can ya shiga. Aka kira azahar, ya miƙe.

"Anti Morufa, ga kujera na ɗumama miki. Kar ki ce ban taɓa yi miki komai ba."

"Je ka," in ji ta. "Allah ya sa kada wandon nan naka mai faɗin ƙafa ya share wa liman masallaci."

Ƙarshen wata ne, aikinta kuwa shi ne ta goge fayil-fayil na watan jiya, tunda kayan da suka iso Kano an riga an raba su. Umarni ɗaya take bugawa: a goge duk mai alamar watan jiya. Injin ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce e, kamar kullum.

Sai ya fara jero sunayen abin da ya goge. Ina cin gyaɗa na ji ta ce, "Asama'u." Muryar ce ta tayar da ni.

"Waɗannan ba namu ba ne."

Sunayen jirage ne. Ashe a ɓangaren hedikwata take zaune, inda Abdulgani ya bar ta. A can kuwa kayan watan jiya ko sauka ba su yi ba, suna kan ruwa. Kowane suna da ya fito a takardar, kayan wani ne suka zama ba a san mai su ba.

Ta danna maɓallin tsayarwa. Injin ya ci gaba da bugu. Ta sake dannawa.

"Kira Malam Kyari!"

"Yana masallaci."

Duk mazan sun tafi. Takarda tana zuba ƙasa. Na ga ta kalli wayar.

"Morufa, kin san doka," na ce mata.

Ta fizge kan wayar daga robar. Ɗakin ya yi tsit.

"Ya tsaya," na ce.

"Nan ya tsaya. Can fa?"

Da Malam Kyari ya dawo, ta gaya masa komai a tsaye. Ya zauna, sannan ya daka mini tsawa in nemo Ikko. Na nema har muryata ta dishe. Damina ce, aka ce ruwa ya kayar da turakun waya a wani wuri.

Kwanaki muka yi ba mu san ko kwamfutar ta tsaya ko ta cinye komai ba. Morufat tana zuwa aiki ta zauna gaban mataccen inji. Zamanin soja ne, har wani direba ya ce mata irin wannan laifi ba kora ake yi ba, ɗauri ne. In mota ta tsaya a ƙofa sai ta kama gefen tebur. Ba ta gaya wa babanta ba. Ni ma tsoro nake ji, ba don ita kaɗai ba.

Daga baya wani injiniya ya zo daga Ikko. Ya ce da layin ya yanke aikin ya tsaya, kuma yawancin abin da ya goge sun dawo da shi daga faifan ajiya. Amma kwamfuta ta nuna sunan wanda ya shiga, hedikwata ta ce a sallami Abdulgani.

Malam Kyari ya ja Morufat gefe, kusa da teburina.

"Ikko ta faɗi sunan da take so. Ki yi shiru, ki koma kujerarki."

Ba tausayi ba ne. Ba ya so a tono dokarsa, kuma ba shi da mai saurin hannu irinta. Abdulgani yana jingine da bango, duk barkwancin ya gudu. Matarsa ba ta yi arba'in da haihuwa ba.

Morufat ba ta koma kujerarta ba. Ta je gaban injiniyan ta ce, "Yallaɓai, sunansa ne, amma hannuna ne."

A ranar aka sallame ta. Babu ɗauri. Kafin sati ya zagayo aka sake doka: kowa ya rufe ɓangarensa kafin ya tafi salla. Abdulgani a kamfanin ya tsufa. In ya bi ta Singa ya gaishe ta, ta amsa, shi ke nan.

Da teburi ɗaya ta fara sayar da madara, kuma ba ta sake aikin ofis ba. Da ta tsufa jikarta ta saya mata waya. Wayar ta cika da hotunan bikin mutanen da ba ta ma sani ba, har ta daina karɓar saƙo. Yarinyar ta ce bari ta goge mata su. Morufat ta karɓe abarta ta tura ƙarƙashin filo.