Jan Ɗigon da Injin Kwafi Bai Ɗauka Ba

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Habibu, wanda 'yan makarantar Garwa suka fi sani da Misye Habibu. Kowace shekara da addu'a nake tuna shi, ba da rubutu ba. Bana kam tsoro ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin akwai maganar da na danne tun ranar da muka rufe shi, kuma saura ƙiris ta ci mini ɗa.

Yaya bai taɓa koyarwa a aji ba. Shagon gyaran rediyo gare shi. Amma da an yi la'asar sai ka ga zaurenmu ya cika da 'yan lise, wato 'yan sakandare, kowa da aikin gidansa na fizik, wasu har daga garin Gidar lokacin hutu. Ba ya yi wa kowa aiki. Sai ya ce ka zana abin tukuna, ka rubuta abin da aka ba ka da abin da ake nema, sannan ka taɓa lissafi. In ka gama ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "To, ka yarda da amsar nan? In jaki ne, zai iya wannan gudun?" Na sha jin dariya ta ɓarke saboda wani ya lissafo wa amalanke gudun jirgin sama.

Yana da littafi mai baƙin bango inda ya warware tambayoyi da hannunsa, dukansu a kan abubuwan da yaran suka sani: guga a rijiya, babur a gangara, jirgin ruwa a tafkin Lagdo. Sai dai Yaya mutum ne mai dabara. Ya san akwai malalata da za su kwafa ido rufe, don haka ya dasa kuskure da gangan a wurare biyar, ya ɗiga jan biro ƙarami a kusurwar kowane shafi mai kuskuren don kansa. Wanda ya kama kuskuren ya sha yabo, wanda ya haɗiye ya sha tsiya. Sirrin jan ɗigon ni kaɗai ya gaya wa, yana kwance a ciwon ajalinsa. Ya ce, "Hadiza, kada ki bari littafin nan ya fita ba ni. Akwai tarko biyar a ciki."

Ban ji maganarsa ba. Bayan sadakar arba'in yara suka yi ta sintiri suna roƙo, na ce ai ilimi sadaka ce mai gudana, na miƙa aka kai wurin masu kwafi. Injin nan baƙi da fari kawai ya sani. Jan ɗigon ya fito kamar kashin ƙuda, a wasu shafukan ma bai fito ba sam. Kwafi ya haifi kwafi, yau ga shi yana yawo a wayoyin yara har Marwa da Kusiri. Na yi gum da bakina, don kunyar kada a ce Misye Habibu bai iya lissafi ba. Na riƙa lallashin kaina cewa iyakarta wani ya rasa maki biyu a jarrabawa. Ashe barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ɗana na biyu, Nasiru, a zauren nan ya tashi, kuma a wurinsa maganar kawunsa yankan wuƙa ce. Da damina ta wuce ya shiga harkar ɗauko shinkafa a Lagdo. Ya sa mai walda ya ƙera masa jirgin ruwa na ƙarfe. Ranar wata Talata da hantsi ya turo mini hotonsa, sabo fil, an shafe shi da shuɗin fenti, a gefe an rubuta da fari: buhu hamsin. Na kira shi ina sa albarka, na ce wa ya ba ka wannan adadin? Ya yi dariya ya ce, "Dada, ai jirgin Kawu ne. Tsawo da faɗi da zurfi duk na littafinsa na ba mai walda. Jibi za mu yi lodin farko, ni da mutum uku."

Wallahi nan take na tuna tarkon nan biyar. Na jawo akwatin da na ajiye asalin littafin, na tarar gara ta ci kusan rabinsa. Na yi ta buɗawa ina salati har na kai shafin jirgin. Ga zanen Yaya tsaf, ga amsa an ja mata layi biyu, buhu hamsin. Ga kuma jan ɗigon a kusurwa.

Na sake kiran Nasiru, ya ce, "Haba Dada, ɗigon biro ne zai hana ni aiki?" Washegari da safe na hau motar Lagdo da littafin a ƙirjina. Duk tsawon hanyar ba abin da nake gani sai ruwa ya rufe kan yarona. Ban iya fizik ba, ban san inda kuskuren yake ba, ɗigo kawai nake da shi.

A bakin tafki na same shi da wani tsohon matuƙi, Baba Ɗanladi, wanda ashe tun ranar da aka kawo jirgin yake faɗa masa ba zai ɗauki buhu hamsin ba, Nasiru kuma yana nuna masa takarda. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Na buɗe shafin na ce, "Nasiru, da kawunka na nan me zai tambaye ka?" Ya ce, "Ka yarda da amsar nan?" Ya tsuguna a kan yashi ya bi lissafin layi layi da yatsa. Can ya tsaya a wani layi. Ya ce, "Innalillahi! Kawu bai cire nauyin jirgin kansa ba. Kuma ko an cire, wannan lodi ne na ruwa ya zo daidai bakin jirgi." Baba Ɗanladi ya ce, "Madalla, takarda ta iso inda ido ya kwana." Aka gwada a gaɓa, inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Buhu na talatin da biyu tsohon ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar jana'iza.

Ina yawan tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Yaro ya ɗauki hoton tambaya, waya ta tofo masa amsa kafin ya ƙifta ido, babu mai leƙowa ta saman tabarau. Na san zai yi faɗa, amma faɗan farko nawa ne, kuma na cancanta. Shi tarkonsa yana zaune kusa da shi ya ɗana, ni ce na sake shi cikin gari ba mai tsaro.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk mai kwafin littafin Misye Habibu ya saurara: shafin jirgin Lagdo akwai kuskure, haka shafin guga da igiya, haka na babur mai taka birki. Uku ke nan. Sauran biyun gara ta cinye shaidarsu, ban san inda suke ba, kuma akwai babin lantarki a littafin. Wannan shi ke sa gabana faɗuwa duk lokacin da na ga saurayi a kan tsani yana haɗa waya.

Na daɗe ina zaton littafin ne gadon da Yaya ya bari. A bakin tafkin nan na gane ba shi ba ne, domin littafin ne ya kusa nutsar da Nasiru, tambayar kawunsa ce ta tsamo shi. Ita ba ta shiga injin kwafi, sai baki da baki, shi ya sa nake miƙa muku ita yau da nawa bakin. Allah Ya jiƙan Yaya Habibu, ni kuma Ya yafe mini shirun shekara tara. Nasiru ya goge hamsin ɗin ya rubuta talatin, a kusurwa kuma ya ɗiga jan fenti babba, wanda ko daga tudu ana hangowa.